Babe Ruth da Bob Marley sun haɗa ranar haihuwa: dace ne kawai, ko akwai dalili?

Baban_Biyu ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ke tafe da ni, amma ku yi haƙuri in fara da yadda aka yi ta taso.

'Ya'yana biyu ne. Babbar mace ce, shekararta 16, waƙa ce rayuwarta, da wuya ka gan ta babu abin sauraro a kunne. Ƙaninta yana da 13, shi kuma wasan besbol ya shiga ransa tun 2024, shekarar da Shohei Ohtani ɗan ƙasar Japan ya buga homron 54 (irin bugun nan da ƙwallo ke tsallake shinge ta faɗa cikin 'yan kallo) ya kuma saci zango 59 (wato ya ruga daga zango zuwa na gaba yayin da mai jifa ke jefa ƙwallo), abin da babu wanda ya taɓa haɗawa a kaka ɗaya. Daga nan yaron ya bi wasan har cikin tarihinsa, ya haddace sunayen mutanen da suka rasu tun kafin a haifi kakansa. Abin da ke damuna shi ne sai su yi awa biyu a ɗaki ɗaya ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa uffan. Ba faɗa suke yi ba, kowa dai ya shige duniyarsa ya ja ƙofa. Ni da na tashi muna hira da 'yan'uwana har dare ya raba, wannan shirun yana ci mini rai.

Ranar 6 ga Fabrairu aka haife ni. Da ranar ta zagayo bana, yarinyar ta leƙo ta ce, "Baba, yau kai da Bob Marley ne." Wannan na daɗe da sani. Sai yaron, ko kai bai ɗago daga wayarsa ba, ya ce, "Da Babe Ruth." Ta ce wane ne kuma haka? Ya ajiye wayar. Ya yi kusan minti ashirin yana ba ta labari: ɗan Baltimore da iyayensa suka kai makarantar horon kangararrun yara yana da shekara bakwai, ya fara wasa a matsayin mai jifa a Boston, aka sayar da shi ga ƙungiyar Yankees ta New York, ya gama da homron 714. Ita ma ta rama, ta ba shi labarin ƙauyen Nine Mile a Jamaika da unguwar Trenchtown ta Kingston. Da suka duba shekarun, 1895 da 1945, sai ga shekara 50 cif a tsakani. Ta ƙara gano cewa dukansu ciwon daji ne ya yi ajalinsu, Ruth yana da 53, Marley yana da 36. Ina zaune ina kallonsu, ko tari ban yi ba don kada in katse su.

Washegari na kawo wani babban littafin rubutu, na bi shafi-shafi na sa kwanan wata daga 1 ga Janairu har 31 ga Disamba, na ja layi a tsakiyar kowane shafi. Hagu na yaron ne, ya sa ɗan wasa. Dama na yayarsa ne, ta sa mawaƙi. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba mai rubuta suna sai ya gaya wa ɗan'uwansa abu uku a kan mutumin, da baki, ba karantawa daga waya ba.

Alhamdu lillahi abin ya kama su. Shafin 26 ga Yuni ne ya fi faranta wa yarinyar rai, don Ariana Grande da take so (an haife ta 1993) ta faɗo rana ɗaya da Derek Jeter, kyaftin ɗin Yankees da aka haifa a 1974. A 4 ga Satumba sun sami Beyoncé da Mike Piazza. A 20 ga Oktoba Mickey Mantle ya zauna tare da Snoop Dogg da Tom Petty, kwana biyar bayan nan kuma Pedro Martinez da Katy Perry.

Inda na tsaya ina tunani shi ne 31 ga Janairu. Yaron ya rasa wanda zai zaɓa, saboda Jackie Robinson, wanda ya karya katangar wariyar launin fata a MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, a 1947, ranar aka haife shi a 1919. Ernie Banks ma ranar, a 1931. Nolan Ryan, wanda ya fi kowane mai jifa a tarihi fitar da masu bugu da jifa ukun da suka kasa bugawa, ranar, a 1947. Uku duk suna Zauren Gwanaye na garin Cooperstown, inda ake karrama manyan 'yan besbol. Ɓangaren dama kuma Justin Timberlake. Alhali akwai shafukan da yaron ya juya ya juya bai sami ko mutum ɗaya da yake ganin ya isa ba.

To tambayata ta farko ke nan: wannan cunkoso a rana ɗaya da wofi a wata, dace ne kawai ko akwai abin da ke jawo shi? Ba zancen duban taurari nake yi ba, wannan ban yarda da shi ba, kuma ba na so yaran su ɗauka can na dosa. Dalili nake nema wanda zan iya yi musu bayaninsa.

Na biyu, Louis Armstrong, mawaƙin jazz mai busa ƙaho. Yarinyar ta ga wasu sun ce 4 ga Yuli, wasu sun ce 4 ga Agusta. A wane shafi za ta sa shi? Sannan shafin 29 ga Fabrairu har yanzu fari ne fes, hagu da dama. Wanda ya san wani ya taimaka mana.

Malamin_Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Baban yara, Allah ya yi wa zuri'a albarka. Tambayarka ta farko ta shigo gonata, don kusan kowace shekara sai na yi wa ɗalibaina wannan darasin.

Abin da ke ruɗa mutum shi ne yana haɗa tambayoyi biyu da suke kama da juna amma amsarsu ta yi nisa. Idan ka ce mutum nawa zan tara kafin in sa ran samun wanda aka haifa 6 ga Fabrairu kamar ni, sai ka tara mutum 253 kafin damar ta kai rabi. Amma idan ka ce mutum nawa zan tara kafin in sami kowaɗanne biyu da suka haɗa rana, ko wace rana ce, mutum 23 sun isa, damar ta ɗan haura kashi 50 cikin 100. Dalili kuwa, a cikin mutum 23 ba kwatanci 23 kake yi ba. Kowa kana gwada shi da kowa: 23 sau 22, a raba biyu, ya ba ka 253. Idan suka kai 57 damar ta kai kashi 99. Ƙungiyar MLB tana da 'yan wasa 26 a jerin waɗanda za su iya fita fili, kenan a kowace ƙungiya damar a sami biyu masu rana ɗaya ta kusa kashi 60. Ka sa yaron ya ɗauki ƙungiyoyi goma ya duba da kansa, zai ji daɗin aikin.

Yanzu ga littafinku. Sama da mutum 20,000 ne suka taɓa buga wasa a babbar gasar. Raba su a kwana 365, kowace rana ta sami sama da 50. Mawaƙan da aka sani kuwa ba su ƙirguwa. Kenan babu ranar da za ka rasa ɗan wasa da mawaƙi, abin da kawai ake rasawa shi ne manya. Su manyan kaɗan ne: 'yan wasan da aka shigar Zauren Gwanaye ba su kai 300 ba. Ka ɗauki tsakuwa ƙasa da 300 ka rufe ido kana jefawa cikin kwanuka 365. Ba za su jeru ɗaya-ɗaya ba. Lissafi ya nuna kusan rabin kwanukan za su tashi babu komai, wasu su sami biyu, 'yan kaɗan su sami uku. Shafin 31 ga Janairu kwano ne mai uku, shafukan da yaron ya rasa kowa kuma su ne kwanukan da tsakuwa ba ta faɗa ba. Da a ce kowace rana ta sami gwani ɗaya daidai, wannan ne zai sa ni in yi zargin an sa hannu.

Akwai kuma abin da zuciya ke yi mana. Shekara 50 tsakanin Ruth da Marley ta burge ka don lamba ce mai kyan gani, ciwon dajin ma ya yi daidai da labarin. Amma a ranar nan ta 6 ga Fabrairu aka haifi Natalie Cole da Axl Rose, kuma ba wanda ya tsaya neman kamarsu da Ruth. Muna riƙe abin da ya dace mu manta da wanda bai dace ba. Ina ganin wannan ma ya kamata yaran su ji shi daga bakinka.

29 ga Fabrairu sau ɗaya take zuwa a kwana 1,461, shi ya sa shafin ya yi muku wuya.

Dattijo_42 ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma zan ɗan ja da shi a wuri ɗaya. Na fi shekara talatin ina bin wasan nan, kuma ranakun haihuwar 'yan besbol ba su warwatsu kamar tsakuwar da aka jefa ido rufe ba. A cikin 'yan wasan da aka haifa a Amurka, haifaffun Agusta sun fi haifaffun Yuli yawa sosai. Sababin sananne ne. Shekaru da dama gasar yara ta Little League tana yanke shekarun yaro a ranar 31 ga Yuli. Yaron da aka haifa 1 ga Agusta shi ne babba a rukuninsa, wanda aka haifa 31 ga Yuli shi ne auta, tsakaninsu kusan shekara guda. A shekara tara ko goma, wata goma sha ɗaya ba wasa ba ne: ƙarfin hannu, tsayi, gudu, duk sun bambanta. Mai horarwa ya ga babban ya fi jifa, ya ɗauka baiwa ce, ya sa shi a zaɓaɓɓiyar tawaga, ya ba shi ƙarin lokaci. Kafin a ankara ratar da kalanda ta haifar ta zama ta gaske. A 2006 suka sauya ranar yankewar. Saboda haka ɗana, amsar tambayarka ita ce 31 ga Janairu dace ne kamar yadda Malam ya ce, amma in yaron ya cika littafin ya ga Agusta ta fi Yuli nauyi, wannan yana da dalili.

Bari in ba ku shafin da na fi so a duk shekara, 21 ga Nuwamba. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania mai suna Donora, a bakin kogin Monongahela, garin ma'aikatan ƙarfe. Shi ne garin da hayaƙin masana'antu ya turnuƙe a Oktoban 1948 har mutum 20 suka mutu. A nan aka haifi Stan Musial ranar 21 ga Nuwamban 1920. A nan kuma aka haifi Ken Griffey ƙarami ranar 21 ga Nuwamban 1969. Gari ɗaya, rana ɗaya, dukansu bahagwai wajen bugu, dukansu sun tsaya a bayan fili, dukansu suna Zauren Gwanaye. Kakan Griffey ma sun yi wasa tare da Musial a tawagar makarantar sakandare ta garin. Musial ya yi kaka 22 a St. Louis bai sauya ƙungiya ba, ya buga ƙwallon da ya kai shi zango sau 3,630, kuma da aka raba sai aka ga 1,815 a gida, 1,815 a waje. Ni duk lokacin da na tuna lambar nan sai tsikar jikina ta tashi. Mutumin kirki ne, yana yawo da hamonika a aljihu, ƙaramin abin busa, yana busa wa mutane a taro har tsufansa. Griffey kuwa ya gama da homron 630, kuma a 1990 sun buga wa Seattle tare da mahaifinsa, har a wani wasa a watan Satumba uban ya buga homron, ɗan ya shigo a bayansa ya buga nasa. 'Yarka ba za ta sha wahalar ɓangarenta ba, Björk ta Iceland ranar aka haife ta a 1965, Davido ma ranar, a Atlanta, 1992.

Sai gargaɗi. Ku riƙa rubuta wasu sunayen da fensir. Shi kansa Babe Ruth da ya buɗe muku littafin, ya kai kusan shekara arba'in yana tsammanin 7 ga Fabrairun 1894 aka haife shi. Sai da ya nemi fasfo aka fito da takardar haihuwarsa sannan ya ga 6 ga Fabrairun 1895. Satchel Paige, mai jifan da ya fi kowa suna a gasar da baƙar fata ke yi daban a zamanin wariya, shekarunsa sun zama abin muhawara shekara da shekaru, har mai ƙungiyar Cleveland ya nemo takardarsa a Mobile ta jihar Alabama, aka tsaya a kan 7 ga Yulin 1906. A ranar da ya cika 42 ya sa hannu da Cleveland a 1948, saboda wariya ta hana shi shiga lokacin da hannunsa ke kan ganiyarsa. Ya sake fita fili a 1965 yana da 59, ya yi jifa zagaye uku ba a ci shi ba. Shafinsa ɗaya da Ringo Starr, makaɗin gangar Beatles.

Na baya-bayan nan ma akwai. A Jamhuriyar Dominika ƙungiyoyi suna ɗaukar yara tun suna 16, kuma sun fi zuba kuɗi a kan mai ƙananan shekaru, sai yaran talakawa suka riƙa rage shekara ko aron takardar wani. Da Amurka ta tsaurara binciken biza bayan Satumban 2001, asirin da yawa ya tonu. Miguel Tejada, ɗan wasa daga can, ya amsa a 2008 cewa ya girmi abin da ke takardarsa da shekara biyu. Ba na zaginsu, yunwa ce ta sa. Amma mai cika littafi irin naku ya san da haka.

Mai_Jin_Waƙa ta amsa:

Sannunku. Baban yara, littafin nan ya burge ni matuƙa, ka gaishe mini da 'yata, ni ma ɓangarenta nake.

Louis Armstrong a 4 ga Agusta za ta sa shi. Shi dai har ya rasu a 1971 yana cewa 4 ga Yulin 1900 aka haife shi, ranar bikin 'yancin Amurka. Bayan rasuwarsa, a shekarun 1980, wani mai bincike ya gano rajistar baftismarsa a wata majami'a a New Orleans, ta nuna 4 ga Agustan 1901. Ƙaninta zai sa Roger Clemens a gefensa, 1962. Kuma ga abu ɗaya daga cikin ukun da za ta faɗa, wanda zai sa ƙanin ya saurara: Armstrong masoyin besbol ne, har ya ɗauki nauyin wata ƙungiya a New Orleans a 1931 ya ɗinka musu kaya masu sunansa a ƙirji.

29 ga Fabrairu ba ta rasa mutane ba. Khaled na Aljeriya, sarkin salon waƙar ƙasar da ake kira raï, ranar aka haife shi a 1960 a Oran, Ja Rule kuma a 1976. A hagu akwai Al Rosen na Cleveland, 1924, wanda ya zama gwarzon shekara a 1953 ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba, da Pepper Martin na St. Louis, 1904.

Amma ni abin da ya fi jan hankalina su ne mutanen da layin tsakiyar shafin bai raba ba. Ku buɗe 18 ga Maris. Charley Pride, ɗan manoman auduga daga Sledge a Mississippi, an haife shi 1934. Burinsa na fari besbol ne, ya yi jifa wa Memphis Red Sox a gasar baƙar fata a shekarun 1950, ya yi ta neman shiga babbar gasa bai samu ba. Waƙar da yake yi a motar tafiya wasa ita ta zama abincinsa, ya zama baƙar fata na farko da ya yi babban suna a kiɗan kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, a lokacin da kusan duk masu yinsa da masu saurarensa farare ne. Bai rabu da wasan ba, daga baya ya sami hannun jari a Texas Rangers. To wa zai rubuta shi, yaron ko yarinyar? Bernie Williams ma haka, 13 ga Satumba, ya ci kofi huɗu da Yankees kuma gwanin jita ne har an tsayar da shi takarar Latin Grammy.

Sai waɗanda suna ya haɗa. Rickey Henderson, wanda ya saci zango 1,406, ranar Kirsimeti aka haife shi a 1958, rana ɗaya da Annie Lennox, kuma sunan mawaƙi Ricky Nelson aka sa masa. MC Hammer kuma tun yana yaro yake yi wa Oakland A's hidima a fili, 'yan wasan suka laƙaba masa Hammer don yana kama da Hank Aaron, wanda ake yi wa wannan laƙabin. Shi Aaron 5 ga Fabrairu aka haife shi, kwana ɗaya kafin ranarka, kuma shi ne ya wuce 714 ɗin Ruth a Afrilun 1974, yana shan wasiƙun barazanar kisa daga masu ƙin baƙar fata ya karɓe tarihin. Shafukan nan biyu suna maƙwabtaka a littafinku, kada yaron ya wuce su da sauri.

In ba su kai 16 ga Janairu ba, Sade da Aaliyah suna can suna jiran Albert Pujols.

Malamin_Lissafi ya sake amsawa:

Baba Dattijo, na karɓi gyara a kan Agusta, gaskiyarka ne, misalin tsakuwa yana aiki ne idan kwanukan duk girmansu ɗaya. A kan Donora kuma, garin yana da bayani, tunda gidan su Griffey 'yan can ne kuma wasan gado ne a gidan. Ranar ce ba ta da bayani, ɗaya ce cikin 365 ta faɗo. Zan kai wa ɗalibaina shi mako mai zuwa.

Baban_Biyu ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na karanta musu amsoshinku gaba ɗaya.

Malam, yaron bai yarda da lissafin mutum 23 ba sai da ya gwada. Ya ɗauki jerin ƙungiyoyi yana bi da biro, da ya ci karo da biyu masu rana ɗaya sai ya yi shiru ya ci gaba zuwa ta gaba. Ya ce sai ya gama duka 30 zai faɗi ra'ayinsa. Na kuma gaya musu zancen riƙe abin da ya dace da manta wanda bai dace ba. Yarinyar ta ce ta gane, amma duk da haka shekara 50 ɗin tana yi mata daɗi. Na ce ni ma haka.

Baba Dattijo, labarin Satchel Paige ya taɓa ta fiye da yadda na zata. Ta tambayi ƙaninta me ya sa sai da ya kai 42 aka ɗauke shi, shi kuma ya koma shafin 31 ga Janairu ya fara mata daga Jackie Robinson, da lambar rigarsa 42 da aka daina ba kowa a duk ƙungiyoyi tun 1997. Ban san ya san wannan duka ba. Na tashi na bar musu ɗakin, ina jiyo su daga waje. Sun kuma rubuta sunan Ruth da fensir a ƙasan shafin 7 ga Fabrairu, suka sa ƙaramar kibiya mai nuna baya, wai don shi ma ranar ya ɗauka tasa ce shekaru da yawa.

Ita ce kuma ta zo da wani abu da babu wanda ya sa ta. Tana duba Ruth sai ta ga ya rasu 16 ga Agustan 1948, ta ce ai ranar Elvis Presley ya rasu a 1977, Aretha Franklin ma ranar a 2018, kuma ranar aka haifi Madonna a 1958. Ta so a buɗe sabon littafi na ranakun rasuwa. Na ce a gama wannan tukuna.

Hajiya Mai_Jin_Waƙa, Charley Pride ya jawo gardama ta gaske. Yaron ya ce tunda ya yi jifa a gasar baƙar fata nasa ne, yayarsa ta ce da waƙa duniya ta san shi. Sun kai minti goma suna ja. A ƙarshe shi ya rubuta Charley a hagu, ita ta rubuta Pride a dama, layin ya ratsa tsakani. Armstrong ya shiga 4 ga Agusta, Khaled da Rosen sun cika 29 ga Fabrairu.

Yanzu shafi 61 ne suka cika. Wanda yaron ya matsa a kai shi ne 5 ga Yuli, ranar Ohtani, tun makon farko ya rubuta nasa ɓangaren yana jiran yayarsa. Ta samo Huey Lewis da RZA na Wu-Tang Clan, amma ta ce ba za ta rubuta kowa ba sai ta saurari waƙoƙinsu ta sami abu uku da za ta iya faɗa da bakinta. In akwai wanda ya san wani mawaƙin na wannan rana, musamman daga Japan, ya taimaka mata da shi.